Wadda Ke Kiran Barira

Rana ta sauka bayan duwatsun Gadarif, hayaƙin girki ya fara tashi daga gida zuwa gida. Lokacin kaka ne. Manyan motoci suna ta shigowa gari daga gonakin Fashaga da buhunan riɗi, masu yanka suna zaune a kan buhunan, gajiya ta hana su ko hira. A gidan Arzika direban tarakta babu abin da ya bambanta wannan maraice da na jiya. Maigidan yana can gona, ba ya dawowa sai an gama kwashe riɗi. Matarsa Jummare tana durƙushe gaban kasko tana shafa kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, jaririnta Adamu a goye. Yayarsa Kande, wadda kowa a unguwar ke ce wa Goggo, tana zaune kan angarib, gadon nan na igiya, tana jan carbi tana ƙirga laifin maƙwabta.

Can ƙarshen tsakar gida, daf da turken awaki, 'yarsu Barira tana cin abinci ita kaɗai. Shekararta tara. Kwanonta daban ne, an ɗiga masa jan fenti a gindi don kada wani ya yi kuskure. Moɗarta ma daban, tana rataye a jikin darni. Idan ta gama, ita za ta wanke kayanta da ɗan guntun ruwan da aka zuba mata a gwangwani, ta kife su nesa da na mutane. Ba ta kuka, ba ta tambaya. Abin da ya fi ban takaici ke nan, yarinyar ta riga ta saba.

Da aka yi isha'i Goggo ta tashi ta yi aikinta na kullum. Ta sa Barira gaba zuwa tsohuwar bukkar ciyawa da ke bayan gida, inda ake tara buhunan wofi, inda kuma aka yar da wani ƙaton kututturen aduwa da Arzika ya kawo daga gona don itacen girki, gatari ya ƙi cinsa. Ta ce wa yarinyar ta hau gado ta kwanta rigingine. Ta ɗauko igiya ta ɗaura mata a ƙugu da ƙafafu, ta zagaya ta ƙarƙashin gadon ta ƙulle, wai don kada ta faɗo. Ta jawo kaskon wuta kusa da kanta, ta barbaɗa turare mai kaurin hayaƙi, wai don korar iska. Duk wannan aikin da hannu naɗe cikin tsumma take yin sa. Ta ja ƙyauren kara ta fito, ta tofar da yawu, ta je ta wanke hannu har gwiwa.

Gida ya yi tsit. Aka rage fitila. Jummare ta shiga ɗakin kwano da jaririnta, Goggo ta kwanta a bakin ƙofa. Ba su daɗe da kwanciya ba dutse ya sauka a kan rufin.

Ƙara ɗaya ce, mai nauyi. Goggo ta ce yaran unguwa ne, ta zagi iyayensu. Sai wani ya biyo baya, sai wani, sannan suka yi ta zubowa ba ƙaƙƙautawa, har ƙasa tana kakkaɓowa daga jikin bango. Awaki suka kama kuka suna fizgar turke. Can jifan ya lafa, shiru ya dawo, kuma cikin wannan shirun suka ji murya daga wajen bukka. Muryar tsohuwa ce, ƙasa-ƙasa, ba ta kowa ba a unguwar.

"Barira. Barira."

Jummare ta miƙe tsaye. Goggo ta cafke mata zani.

"Ina za ki? A'uzu billahi! Zauna, ke mai goyo ce."

Ta zauna. Muryar ta yi ta kiran sunan a hankali, ba gaggawa, har ta ɗauke. Babu wanda ya leƙa bukkar sai da gari ya waye sarai. Suka tarar da yarinyar kwance a gefenta, igiyar da Goggo ta ƙulle da hannunta an kwance ta, gawayin kasko ya mutu, gefen zanin Barira ya ƙone har kusan gwiwa. Kumfa ta bushe a kumatunta, ta kuma yi fitsari a kwance. Goggo ta toshe hanci da mayafi ta ja da baya.

"Kin gani ko? Har igiya aljanin nan yake kwancewa, la'ananne."

Barira 'yar fari ce. Kakannin mutanen gidan makiyaya ne da suka biyo hanyar Makka, suka yada zango a wannan ƙasa ba su sake tashi ba. Shanu sun ƙare tuni, amma kunyar ɗan fari ba ta ƙare ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta jawo shi jikinta a gaban mutane, ba ta sa baki a maganarsa. Da aka yaye Barira aka miƙa wa Goggo riƙonta, a cikin gida ɗaya, kuma tun ranar suna Jummare ba ta taɓa furta sunan ba. Sai dai ta ce 'yar Goggo, ko yarinyar nan. Mata suna yabonta a kan haka, suna cewa Jummare akwai kara. Al'adar ba ta da laifi, an yi ta ne don yaro ya sami iyaye mata biyu. A gidan Arzika ne kawai ta zama hanyar da yarinya ta rasa ko ɗaya.

Ciwon ya fara tun bara, kuma bai taɓa zuwa da rana ba, sai cikin barci. Daren farko a gado ɗaya suke da Goggo. Girgizar gadon ce ta tashe ta, ta ga yarinyar ta sandare, idanu sun juye, kumfa tana fita, har ta taɓa mata dantse. Goggo ta kurma ihu ta yi waje. Ba yarinyar ta nema wa taimako ba, toka da sabulu ta nema, ta dirje dantsen har fata ta saɓule. Wata maƙwabciya ta shigo ta tura wa Barira cokali a baki da ƙarfi, haƙori ɗaya ya karye. Da safe mata suka taru suna raɗa, suka ce farfaɗiya ce, kuma duk wanda yawun ya taɓa, ko ya tsallake kumfar, ya ɗauka. Goggo ta yarda da maganar yawun ɗari bisa ɗari, amma ta ƙi sunan ciwon. Ta ce a danginsu babu farfaɗiya, iska ce. Iska ta fi mata daɗin faɗa a gaban mutane, saboda haka ba a kai yarinyar asibiti ba, bukka aka kai ta.

Gadarif gari ne da ruwa ke zuwa a ganga a bayan jaki, kuma Goggo ba ta ga dalilin ɓata shi wajen wanke shimfiɗar da za a sake jiƙawa ba. Shanya ta ake yi a rana a mayar. Zarni ya kama igiyar gadon, ya haɗu da hayaƙin turare, ya haɗu da warin ƙwarin nan masu bin buhunan riɗi, waɗanda in ka murƙushe ɗaya sai ka yini kana wanke yatsa. Wurin da kare zai shinshina ya juya, nan ake rufe 'yar mutum kowane dare, sannan a je a yi alwala a kwanta da zuciya ɗaya.

Jifan bai tsaya a wannan daren ba. Ba kullum yake zuwa ba, amma sun lura ba ya zuwa sai daren da ciwon ya tashi. Daga nan suka yanke cewa mai jifan shi ne mai kayar da ita. Goggo ta ƙara ƙulli a igiya, ta ƙara gawayi a kasko, ta matso da shi kusa. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu shigowa. Mai ruwa ya koma sauke ganga a ƙofar gida, ba ya taka tsakar gidan. Ita kuwa Jummare, duk daren da aka yi jifa, takan tsaya a bayan ƙofa da hannu a kan sakata, nononta yana tsiyaya, tana sauraron wata baƙuwa tana kiran sunan 'yarta. Ba ta buɗewa. Da safe sai ta saci ido ta jefa tsokar nama a kwano mai jan fenti, iyakar abin da take yi ke nan.

Da aka gama kwashe riɗi Arzika ya dawo. Mutum ne da zai tura hannu har kafaɗa cikin baƙin man inji bai yamutsa fuska ba, amma da ya je gaida 'yarsa, a bakin bukka ya tsaya da yatsu a hanci. Ya ce duk zancen mata ne, shi zai kama mai jifan. Daren da duwatsu suka fara sauka ya fito da tocila da sanda. Ya haska darni, ya haska saman rufi, babu kowa. Sai dutse ya faɗo daidai gaban ƙafarsa. Wani ya faɗo gaba kaɗan, wani gaba da shi, a jere, har bakin bukkar. Daga ciki yana jin gadon yana ƙara, yana jin wani irin gurnani kamar na mai shaƙewa. Ya tsaya yana kallon layin duwatsun. Sannan ya juya ya shige ɗaki ya sa sakata.

Da asuba ya hau mota zuwa Hawata, inda aka ce akwai wani malami, faki kamar yadda ake ce musu a nan, mai suna Gado.

Sun iso rana tana shirin faɗuwa. Faki Gado tsoho ne siriri, da gafaka a kafaɗa, ba shi da yawan magana. Ya ce a nuna masa inda take kwana. Ya sunkuya ya shiga bukkar, ya ɗan jima, ya fito ya tofar da yawu gefe. Goggo ta gyaɗa kai, ta ɗauka shi ma ƙyamar yarinyar ce ta kama shi.

"Wa ke kwana da ita?" in ji shi.

Kowa ya kau da kai.

Bayan magariba ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ya kira Barira, ya kama hannunta da nasa hannun, ba tsumma. Goggo ta ja numfashi da ƙarfi. Ya zaunar da yarinyar a gabansa ya fara karatu. Duhu ya sauko a hankali. Kawunan maƙwabta suka fara bayyana a saman darni, su da suka daina shigowa gaisuwa amma ba za su bari kallo ya wuce su ba. Muryar fakin tana tafiya, tana tafiya, sura bayan sura. Barira ta yi hamma, ta sosa ƙafa, ta dubi awaki. Babu abin da ya motsa a jikinta.

"Ka ƙara, Sayyidna," in ji Goggo. "Mai taurin kai ne. A kawo bulala? Irinsu ba sa jin..."

Maganar ta tsaya mata a maƙogwaro. Carbinta ya tsinke, 'ya'yan suka watse a ƙasa. Ta miƙe zaune ƙyam, wuyanta ya karkace, idanunta suka kafe a kan fakin. Da bakinta ya buɗe, muryar nan ce ta fito, ta tsohuwar dare.

"Ka bar yarinyar nan ta huta, faki. Ga ni nan."

Wata mata a bayan darni ta yi salati. Faki Gado ya juya a hankali, bai saki hannun Barira ba.

"Wace ce ke?"

"Sunana ba zai amfane ka ba. Tsohuwa ce, Musulma kamarka. Yi tambayarka da sauri, cikin matar nan wari yake."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

"Tambayi mai tarakta. Aduwata tana tsaye a dajin Fashaga tun kakansa yana bin shanu. Suka zo da sarƙa suka tumɓuke ta don su shuka riɗi. Bai isa ba, ya ɗauko gindin ya kawo gida zai dafa shayi da shi. Na biyo shi ne in karya masa ƙafa."

Arzika ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin riga.

"Shi ne kika huce a kan 'yarsa," in ji fakin. "Ke kike kayar da ita."

Dariya ta fito daga bakin Goggo, busasshiya.

"Kai ma ka san ba ni ba ce. Ka yi karatu har maƙogwaronka ya bushe, ka ga ta motsa? Ciwo ne a kanta, na tarar da shi. Ban taɓa shiga jikinta ba. Daren da na iso, ina neman ƙafar uban, sai na ji abu yana shaƙewa kusa da ni. Na duba. An ɗaure yarinya rigingine kamar akuyar yanka, kumfa tana koma mata maƙogwaro, wuta a gefen kanta. Na jira a zo. Ba a zo ba. Na kwance igiya, na juya ta a gefe, na share bakin. Hannuna ba irin naku ba ne, faki. Abin da ɗayansu zai yi da yatsa biyu, ni sai na ba da ƙarfina duka. Haka na yi ta yi, ban sami lokacin ƙafar kowa ba."

"Jifan fa?"

"Daren da zaninta ya kama wuta na ce wannan ya fi ƙarfina, bari in tashe su. Na yi jifa. Suka ja bargo. Na jera wa uban duwatsu har bakin ƙofa, ya kalle su ya koma ya sa sakata. Da safe wannan da nake cikinta ta ƙara gawayi."



"To kiran suna?" in ji fakin.

"Idan ciwon ya sake ta, ba ta san inda take ba, ba ta san ko ita wace ce ba. Sai an kira ta take dawowa. Ina jin numfashin uwarta a bayan ƙofa. Na jira ta kira, ba ta kira ba."

Jummare ta dafa ƙasa da hannu ɗaya. Jaririn da ke bayanta ya motsa, ba ta jijjiga shi ba.

Faki Gado ya gyara zama. Sannan ya ce, "Ko da alheri kika zauna, gidan mutane ba mazauninki ba ne. Za ki fita."

"Da gudu ma. Na kwana a kufai, na kwana a bakin masai, ban taɓa jin ƙyama irin ta gidan nan ba. Amma da sharaɗi."

"Ba yanka, ba jini."

"Wa ya tambaye ka jini? Ka ɗauki gindin aduwata ka ajiye min a bakin kogin garinku, inda tarakta ba ta zuwa. Wannan nawa ne. Sauran nata ne. A ƙone igiyar nan. A kashe wuta. A sauke ta ƙasa, kan tabarma. Kuma wani ya kwana da ita, jiki da jiki, mai hannu irin naku. Wa zai kwana?"

Arzika ya ce shi jibi zai koma, akwai dawa da ba a yanka ba. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa. Kawunan da ke saman darni suka fara raguwa.

"Ni," in ji Jummare. Da ƙyar aka ji.

Wuyan Goggo ya juya wajenta.

"Ke za ki kwana da wa?"

"Da... da 'yar Goggo."

"Ba ta da suna?"

Jummare ta buɗe baki. Ga mijinta, ga baƙon malami, ga matan unguwa da suka yi shekaru suna yabon kararta. Bakin ya rufe, ta sunkuyar da kai.

"Halas, shi ke nan," in ji muryar. "Na sami rabi, zan tafi da rabin. Amma ku ji da kyau. Daga yau babu mai jifa, babu mai kira. In kun yi barci, kun yi barci ke nan."

Wata iska mai sanyi ta ratsa tsakar gidan, ta kaɗa ciyawar bukka, ta wuce. Goggo ta zube a gefe. Yawu yana dalala daga bakinta, zaninta ya jiƙe, ya kuma yaye har cinya. Kowa ya ja da baya, har ƙaninta. Barira ce ta zare hannunta daga na fakin, ta matsa, ta ja zanin ta rufe mata ƙafafu, domin ita ta san yadda ake ji in an farka a haka. Goggo ta buɗe ido. Da ta ga hannun wa ke jikinta, ta fizge kamar an ɗora mata garwashi, ta ce a kawo mata sabulu. Wasu mutanen ko aljani ya shiga cikinsu ya fita, yadda ya same su haka yake barinsu.

Kafin ya tafi da safe, Faki Gado ya tsaya har aka ƙone igiyar a gabansa. Ya ce wa Arzika, "Nawa aikin ya ƙare, saura na hakim, likitan asibiti. Farfaɗiya ce, ka kira ta da sunanta. Asibiti suna da ƙwayarta, a sha kullum ba fashi. In ta tashi, a juya ta gefe, kada a danne ta, kada a sa mata komai a baki. Yawun kuma ba ya kama kowa. Na tsufa ina share bakin masu ciwon nan da wannan hannun." Aka ɗora kututturen a mota, ya hau ya zauna a kansa.

An kai ta asibiti, an ba da ƙwayar. Likitan ya ce za ta rage ciwon sosai, amma sai a hankali, kada a saki jiki da dare. Arzika ya koma gona. Jummare ta jingine gadon ɗakin kwano a bango, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, ba matashi. Ta kwashe tulu da akwati zuwa lungu, ta rataye fitila can sama. Jariri a damanta, Barira a hagunta. Goggo ta kwashe shimfiɗarta ta koma rumfar ƙofar ɗaki, tana cewa ita ba za ta kwana cikin annoba ba, kuma duk abin da ya sami Adamu kada a kira ta.

"Kin zubar da kunya, Jummare. Uwa da 'yar fari a tabarma ɗaya. A gidanmu ban taɓa gani ba."



Dare ya koma shiru, kuma shirun ya fi jifan ban tsoro. Da, ko ba ta fita ba, ta san akwai mai tashinta. Yanzu babu. Takan kwanta da tafin hannu a bayan yarinyar, ƙafarta a jikin ƙafarta, tana yaƙi da barci bayan ta yini tana girki da wanki da goyo. Yarinyar ma ba ta saba ba, takan takure can bakin tabarma don kada ta taɓa mutum, sai uwar ta jawo ta.

Wani dare gajiya ta ci ƙarfinta. Hannun ya zame, barci mai nauyi ya ɗauke ta. Rufin kwano bai yi ko ƙwas ba. Abin da ya tashe ta, dugadugin Barira ne yana dukan ƙaurinta.

Ta zabura. Yarinyar ta kife rub da ciki, fuska a tabarma, jikin yana fizga. Jummare ta ture jaririn gefe, ta sa hannu biyu ta juya ta. Kumfa mai ɗumi ta gangaro mata a wuyan hannu, zarni ya tashi. Amai ya taso mata har maƙogwaro, domin shekara guda ana zuba mata ƙyamar nan a kunne, ba ta fita dare ɗaya. Ta haɗiye. Ta tallafe kan da tafinta don kada ya bugi ƙasa, ba ta danne ba, ba ta sa komai a bakin ba. Ta jira, tana jin kowace fizga a ƙashin hannunta, har suka fara raguwa, har jikin ya saki, numfashi ya dawo da ƙarfi.

Can idanun suka buɗe. Babu kowa a cikinsu. Yarinyar ta karkata kai wajen bango, wajen da tsohuwar bukka take, tana sauraro. Ba abin da ya zo. Ta fara lalube a ƙasa, tana wani ɗan kuka siriri, irin na wanda ya ɓace a daji.

A bayan ƙofa Goggo ta yi gyaran murya, ta farka, tana ji. Darnin maƙwabta kuwa kara ne, ba ya riƙe magana.

Jummare ta buɗe baki. Sunan ya fito a shaƙe, kamar ba da harshenta ba.

"Barira."

Hannun da ke lalube ya tsaya.

"Barira. Ga ni nan. Barira."

Kan ya juyo a hankali. Idanun suka yi ta yawo a fuskarta har suka zauna.

"Inna?" in ji ta, harshe a nauyaye. "Ashe kin san sunana."

Jummare ta sunkuya kanta. Ta share mata baki da tafin hannunta, ta jawo ta jikinta da jiƙaƙƙen zanin da komai, sannan ta ɗaga murya ta sake kiran sunan, yadda na bayan ƙofa da na bayan darni duk za su ji.